Farfesa Ishaya Audu, likitan yaran da ya riƙe jami'ar Zariya

 Da shugabanni suka ce a kawo tarihin wani babban mutum, mu 'yan ajin yaƙi da jahilci muka roƙa a bar mana wannan shafi. Mun sha muhawara a kan wanda za mu ɗauka, wasu na cewa sarki, wasu na cewa malami. Daga ƙarshe muka tsaya a kan likitan yara, domin babu ɗaya a cikinmu, daga Gumel har Maigatari, da ba ta taɓa zama a bencin asibiti da yaro a cinya, jikinsa zafi zau, tana jiran likita ba.

An haifi Ishaya Audu ranar 1 ga Maris, 1927, a Anchau, ƙasar Zazzau, cikin Jihar Kaduna ta yanzu. Bahaushe ne, Kirista. Ya yi karatun farko a makarantar mishan ta Wusasa, kusa da birnin Zariya, garin da ya fitar da Dokta Barau Dikko, likitan farko ɗan Arewa. Daga nan sai Yaba a Legas, sai kwalejin jami'a ta Ibadan, sai Landan a ƙasar Ingila, inda ya kammala karatun likita. Daga baya ya ƙware a fannin cututtukan yara. To ku tuna fa, a wancan zamani likitoci 'yan Arewa da yatsu ake ƙirga su. Ƙyanda da sanƙarau da tamowa da shan-inna suna ta ɗibar yara, kakanninmu kuwa sai jiƙo da hayaƙi da addu'a.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne, Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello, Firimiyan Arewa, shi ya ɗauka ya zama likitansa. Mu 'yan kasuwa mun san ba kowa ake ba wa ajiyar kuɗin adashi ba, balle ajiyar lafiyar jiki. Jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya duba iyawa da riƙon amana, bai tsaya a kan bambancin addini ba. Bayan wannan aiki Ishaya Audu ya koyar da ɗaliban likitanci a Jami'ar Legas.

Sai shekarar 1966 ta zo da abin da ta zo da shi. Ranar 15 ga Janairu sojoji suka kashe Sardauna a Kaduna. Jami'ar da ke ɗauke da sunansa a Samarun Zariya, wadda aka buɗe a 1962, shekararta huɗu ke nan, ko yaye ba a gama yi mata ba. Shugabanta na farko, Norman Alexander, Bature ne ɗan ƙasar Niyu Zilan, kuma a wannan shekara ya bar kujerar. Aka miƙa wa Ishaya Audu, yana da shekara 39, ya zama ɗan Nijeriya na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello. Ai wannan ba kujerar daɗi ba ce. Rikici ya ɓarke a garuruwan Arewa, 'yan kudu maso gabas suka kwashe kayansu suka tafi, har da ɗalibai da ma'aikata, a 1967 kuma aka shiga yaƙin basasa wanda bai ƙare ba sai 1970.

A cikin wannan ruɗani ne, a 1967, aka buɗe sashen koyon aikin likita a jami'ar. Kafin nan, ɗan Arewa mai son zama likita sai ya tafi Ibadan ko Legas ko ƙasar waje, kuma mutum nawa ne iyayensu ke da halin haka? Aka haɗa asibitocin gwamnati na Zariya da Kaduna da Malumfashi a ƙarƙashin jami'a, ɗalibai suna koyo a gefen gadon maras lafiya, suna ganin ciwon birni da na ƙauye, irin wanda za su tarar idan an tura su aiki.

Akwai kuma matsalar da ta fi kama da tamu. Jami'a tana nan, amma yaran Arewa da suka cika sharuɗɗan shiga ba su da yawa, saboda makarantun sakandare masu ajin share fagen jami'a kaɗan ne. A zamaninsa aka kafa makarantar share fage a cikin jami'ar kanta, wadda ake kira SBS, yaro ya zo a cike masa gurbin da ya rasa sannan ya wuce digiri. Wasu sun soki abin, suna ganin za a rage darajar karatu. Mu dai da muka fara rubuta sunanmu da hannunmu bayan mun haura shekara arba'in, wallahi mun san amfanin a ce an buɗe wa wanda ya makara ƙofa. Ɗimbin likitoci da injiniyoyi da alƙalai na Arewa ta wannan ƙofa suka bi.

Mu nan ƙasar Gumel muna da alaƙa da wannan aiki ta wata hanyar. Kafin a ƙirƙiro Jigawa a 1991, a Jihar Kano muke. Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano reshen jami'ar Zariya ce a duk tsawon shugabancinsa, ita ce ta zama Jami'ar Bayero a 1977. Yau can ake horar da likitoci da masu gashin ƙashi, waɗanda ke koya wa mai shanyewar ɓarin jiki ko yaron da shan-inna ta taɓa yadda zai sake motsa gaɓoɓinsa.

Shekara tara ya yi a kujerar, ya sauka a 1975. A 1979 ya shiga siyasa, ya tsaya mataimakin Dokta Nnamdi Azikiwe a jam'iyyar NPP. Ba su ci ba, amma Shugaba Shehu Shagari ya naɗa shi ministan harkokin waje, ya riƙe har 1983. Da sojoji suka yi juyin mulki a ƙarshen wannan shekara, yana cikin waɗanda aka tsare. A ajinmu ra'ayi ya rabu a nan: wasu na ganin da ya tsaya a asibiti da ya huta, wasu na ganin idan mutanen kirki suka guji mulki, wa za a bar wa? Ba mu daidaita ba har malama ta tashe mu.

Da ya fito, bai tare a Legas ko Landan ba. Samaru ya koma, ya buɗe asibitinsa, ya ci gaba da duba marasa lafiya, yana kuma hidimar cocinsa. Tsohon minista, tsohon shugaban jami'a, ga shi yana sa abin awo a ƙirjin ɗan talaka. Ya rasu ranar 29 ga Agusta, 2005, yana da shekara 78. A wannan shekarar ce asibitin koyarwa na jami'ar ya koma mazauninsa na dindindin a Shika, kan hanyar Funtuwa, inda wasu daga cikinmu suka taɓa zuwa jinya.