Robert Raikes, Ɗan Jaridar da Ya Tattaro Yaran Titi Zuwa Makarantar Lahadi

Kowace safiyar Lahadi, tun kafin a buga ƙararrawar babbar sujada, za ka tarar da yara sun cika bencina a majami'unmu, ko kuwa sun zauna a inuwar bishiya, wata uwa ko wani saurayi yana tsaye a gabansu da Littafi Mai Tsarki a hannu. Abin ya zame mana jiki har muna ganin kamar da shi aka kafa ikkilisiya. Amma Makarantar Lahadi, a irin tsarin da muka san ta, ba ta kai shekara 250 ba. Cikin waɗanda Allah ya yi amfani da su wajen yaɗa ta, babu wanda sunansa ya fi fita kamar Robert Raikes, mutumin ƙasar Ingila. Shi ba fasto ba ne, bai kuma taɓa shiga makarantar tauhidi ba. Ɗan ikkilisiya ne kamar mai karatu, sana'arsa kuwa buga jarida.

Asalinsa da sana'arsa

An haifi Raikes wajen shekara ta 1736 a birnin Gloucester da ke yammacin Ingila. Mahaifinsa, wanda shi ma Robert Raikes ne sunansa, yana da maɗaba'a, shi ne kuma ya kafa jaridar Gloucester Journal a 1722. Da mahaifin ya rasu a 1757, jaridar da maɗaba'ar suka dawo hannun ɗan, yana saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Ya riƙe aikin da kyau, jaridar ta bunƙasa, shi kuma ya zama ɗaya daga cikin masu faɗa a ji a garin. A 1767 ya auri Anne Trigge, Allah ya ba su 'ya'ya goma. Ɗan ikkilisiyar Angilikan ne, yana sujada a majami'ar St Mary de Crypt, kusa da gidansa.

Mutanen zamaninsa sun san shi da son ado da son a yabe shi. Mai rufin asiri ne, yana da gida mai kyau da abokai manya. Babu abin da zai tilasta wa irin wannan mutum ya leƙa inda talakawa suke. Amma ya leƙa, kuma wurin da ya fara zuwa shi ne kurkuku.

Abin da ya gani a kurkuku

Kurkukun Gloucester na wancan lokaci yana cikin wata tsohuwar ganuwa. Ana cusa ɓarawo da mai kisan kai da wanda bashi kawai ya kai shi a wuri ɗaya, manya da yara. Waɗanda aka tsare saboda bashi ba su da rabon abinci daga hukuma, sai abin da dangi ko masu tausayi suka kawo. Zazzaɓi yana kashe mutane tun kafin a yanke musu hukunci. Raikes ya riƙa ziyartar wurin, yana kuma amfani da shafukan jaridarsa wajen roƙon jama'a su taimaka da abinci da tufafi da kuɗi. Ya nemi fursunonin da suka iya karatu su koya wa waɗanda ba su iya ba, yana ba su ɗan lada. John Howard, wanda ya yi suna wajen fafutukar gyara gidajen kurkuku a Ingila, ya san shi, ya kuma yaba da ƙoƙarinsa.

Shekaru da dama yana wannan hidima, sai ya lura da wani abu da ya dame shi. Yawancin waɗanda aka saki sukan dawo. Da ya bi diddigin rayuwarsu, sai ya ga kusan labarinsu ɗaya ne: sun tashi ba karatu, ba tarbiyya, ba wanda ya taɓa gaya musu wani abu game da Allah. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Raikes ya gane cewa a kurkuku busasshen icce yake ta fama da shi, ɗanyen kuwa yana can a titi ba mai kula da shi.

Yaran masana'anta

A lokacin Gloucester ta shahara da ƙera fil, wato 'yan ƙananan allurai marasa kafa da ake maƙale tufafi da su. Masana'antun sun dogara ƙwarai da yara, domin ladansu kaɗan ne. Yaro ɗan shekara bakwai ko takwas yakan yi aiki daga safe har dare, kwana shida a mako. Babu makarantar gwamnati ta kyauta, 'yan makarantun da ake da su kuwa yawancinsu na masu iya biya ne. Ranar Lahadi kaɗai yaran suke da ita, a ranar kuwa sai su cika tituna da ihu da zage-zage da caca da dambe, manoman kewaye suna kuka da ɓarnar da ake yi musu a gonaki.

Raikes da kansa ya ba da labarin cewa wata rana wani sha'ani ya kai shi wata unguwar talakawa a gefen gari, ya ga gungun yara cikin tsummoki suna wasa a hanya. Da ya nuna damuwarsa, wata mata mazauniyar wurin ta shaida masa cewa abin da ya gani kaɗan ne, ya bari sai ranar Lahadi. Maganar ta tsaya masa a rai. Ya je ya shawarci Rabaran Thomas Stock, wani limamin Angilikan a garin, wanda tun kafin ya zo Gloucester ya taɓa tara yara yana koya musu ranar Lahadi a ƙauyen Ashbury. Su biyun suka yi shawara su gwada.

Yadda aka fara

A shekara ta 1780 aka buɗe ajin farko a gidan wata mata mai suna Uwargida Meredith, a wani lungu da ake kira Sooty Alley, unguwar masu share bututun hayaƙi. Ba da jimawa ba aka sami mata huɗu masu koyarwa a gidajensu, ana biyan kowacce sule ɗaya a kowace Lahadi. Raikes da Stock ne suka ɗauki nauyin kuɗin, Stock kuma ya riƙa zagayawa yana duba azuzuwan. Da yara maza aka soma, daga baya aka karɓi mata.

Tsarin ranar yana da tsawo. Yara sukan zo da ƙarfe goma na safe su yi karatu har sha biyu, su je gida, su dawo da ƙarfe ɗaya. Bayan wani darasin sai a jera su a kai su majami'a sujada, in an fito kuma su zauna haddar tambayoyi da amsoshi na koyarwar bangaskiya har bayan ƙarfe biyar. Ana fara musu da baƙaƙe da haɗa kalmomi, manufar kuwa ita ce yaro ya kai ga karanta Littafi Mai Tsarki da kansa. Raikes ya yi amfani da maɗaba'arsa ya buga musu ƙananan littattafan koyon karatu.

Ƙa'idar shiga ba ta da wuya. Ba a korar yaro don ba shi da takalmi ko don rigarsa ta yage. Abin da ake nema kawai shi ne ya wanke hannu da fuska, ya taje kansa. Wanda ya yi ƙoƙari yakan sami kyautar mataji, ko takalmi, ko 'yan kwabbai, wani lokaci har Littafi Mai Tsarki. Raikes yakan bi yaran har gida, ya zauna da iyayensu, ya sasanta faɗa, ya tambayi dalilin da ya hana wane zuwa.

Ba a sami sauƙi ba da farko. Yaran ba su saba zama wuri ɗaya ba, wasu malaman suka gaji suka bari. Mutanen gari suka mai da Raikes abin dariya, in sun gan shi tafe da ayarin yara masu tsummoki sai su yi ta yi masa ba'a. Gaskiya kuma ta wajaba a faɗa: shi kansa mutumin zamaninsa ne, yana da zafin hannu. Waɗansu tsofaffin ɗalibansa, da aka tambaye su bayan shekaru masu yawa, sun tuna da alherinsa, sun kuma tuna da sandarsa. Wannan ɓangare na halinsa ba abin koyi ba ne a gare mu.

Daga Gloucester zuwa ƙasa duka

Shekara uku Raikes yana aikin bai yi shela ba, yana so ya tabbatar abin zai ɗore. Unguwannin suka fara yin shiru ranar Lahadi, masu masana'antu suka shaida cewa halin yaran ya sake, waɗansu yaran ma da kansu suka soma zuwa addu'ar ƙarfe bakwai na safe a babbar majami'ar birnin. Sai a ranar 3 ga Nuwamba, 1783, ya buga ɗan taƙaitaccen bayani a jaridarsa, bai ko ambaci sunansa ba. Jaridun Landan suka kwafa, wasiƙu suka fara zuwa daga ko'ina ana tambayar yadda ake yi. A 1784 mujallar Gentleman's Magazine ta buga doguwar wasiƙar da ya rubuta yana bayyana tsarin dalla-dalla, a 1785 kuma John Wesley ya buga bayaninsa a mujallar Metodis.

Ya kamata a sani cewa ba Raikes ne mutum na farko da ya tara yara ranar Lahadi ba. Hannah Ball, wata 'yar Metodis, ta fara nata ajin a garin High Wycombe tun 1769, akwai kuma waɗansu. Abin da ya bambanta shi shi ne yana da jarida, ya kuma san yadda ake isar da labari. Abin da yake a hannunsa shi ya miƙa wa Ubangiji.

A 1785 wani ɗan kasuwa ɗan ikkilisiyar Baftis, William Fox, ya jagoranci kafa ƙungiyar tallafa wa makarantun Lahadi a Landan, inda 'yan Angilikan da na sauran ɗariku suka zauna a kwamiti ɗaya. A 1787 Sarauniya Charlotte ta gayyaci Raikes fadar Windsor don ta ji bayani daga bakinsa.

Shigowar masu aikin sa kai

Biyan malamai sule ɗaya kowane mako ya zama nauyi da makarantu suka yi yawa, har waɗansu suka rufe saboda rashin kuɗi. Mafita ta fito daga cikin ikkilisiyoyi da kansu. A garin Bolton, Wesley ya tarar a 1787 da yara wajen 800 a hannun malamai kimanin 80, babu ko ɗaya da yake karɓar lada. Masaƙa ne da maƙera da 'yan kasuwa, mutanen da su ma suka yi aiki kwana shida, suka ba da ranar hutunsu. Sannu a hankali wannan ya zama tsarin ko'ina, da yawa daga cikin malaman kuwa tsofaffin ɗaliban makarantar ne. Da ba don waɗannan ba, da aikin ya mutu tun Raikes yana raye.

An kuma yi hamayya. Bayan juyin juya halin Faransa na 1789, waɗansu manya a Ingila, har da shugabannin ikkilisiya, suka tsorata cewa in talaka ya iya karatu zai karanta takardun tawaye, ya raina na gaba da shi. Waɗansu kuma suka ce koyarwa ranar Lahadi karya dokar ranar hutu ce, aka daɗe ana gardama a kan ko ya halatta a koya wa yara rubutu a ranar. Duk da haka aikin bai tsaya ba. Zuwa 1831, yara kimanin miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu da hamsin ne suke zuwa makarantun Lahadi a Birtaniya. Sai a 1870 ne Ingila ta yi dokar da ta kafa makarantun firamare na hukuma, daga nan Makarantar Lahadi ta koma ga koyar da Maganar Allah kaɗai.

Akwai wani zare da ya iso har ƙofarmu. A yankin Wales, Rabaran Thomas Charles ya yaɗa makarantun Lahadi ga yara da manya, mutane suka iya karatu, sai Littafi Mai Tsarki cikin harshensu ya yi ƙaranci. Wannan ƙishi yana cikin dalilan da suka sa aka kafa Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Birtaniya da Ƙasashen Waje a 1804. Ita ce ƙungiyar da ta buga cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932, wanda da shi kakanninmu da yawa suka koyi karatu a azuzuwan majami'a.

Ƙarshen rayuwarsa

Raikes ya bar aikin jarida a 1802, amma bai rabu da yaran ba. Ya rasu a Gloucester ranar 5 ga Afrilu, 1811, aka binne shi a majami'ar St Mary de Crypt. Yaran makarantarsa suka raka gawarsa, bisa ga wasiyyarsa kuma aka ba kowannensu sule ɗaya da waina mai zaƙi. A 1880, da aikin ya cika shekara 100, aka kafa mutum-mutuminsa a bakin kogin Thames a Landan, da gudummawar malamai da yaran makarantun Lahadi.

Abin da ya rage mana

Iyaye da dattawan ikkilisiya, labarin nan yana da tambaya a gare mu. Yaran da Raikes ya nema ba 'ya'yan membobi ba ne, yaran da ba mai nemansu ne. A unguwanninmu ma akwai su: masu talla, masu aikatau a gidajen mutane, marayu, da waɗanda rikici ya raba da garuruwansu, da yawansu ba su iya karanta ko sunansu ba. A majami'u da yawa kuma, Makarantar Lahadi ta zama wurin ajiye yara don kada su dami manya, an bar ta a hannun mutum biyu ko uku, ba littafi, ba alli, ba mai cewa sannu. In aka zo kasafin kuɗin shekara, ita ce ta ƙarshe.

A Bishara ta Markus sura 10, almajirai sun tsauta wa masu kawo yara, Ubangiji Yesu kuwa ya ji haushin hakan, ya karɓi yaran ya sa musu albarka. Wanda ya iya karatu, yana da awa ɗaya ranar Lahadi, yana da abin da waɗancan masaƙa na Bolton suka bayar. Wanda ba zai iya tsayawa gaban aji ba, zai iya sayen littafi, ko ya gyara benci, ko ya riƙo hannun yaron maƙwabcinsa da izinin iyayensa. Wannan Lahadi mai zuwa, kafin ka shiga sujada, ka ratsa ta ajin yara, ka gai da malamarsu, ka tambaye ta abin da take bukata. Allah ya ba mu zuciyar yin haka. Amin.