Tarihin Marigayi Sa'idu Faru, Malamin Waƙa

A wannan mako mun kawo muku tarihin wani mutum wanda ba ɗan ikkilisiya ba ne, Musulmi ne, makaɗin fada ne kuma, amma da wuya a sami gidan Bahaushe daga Gusau har Wusasa inda muryarsa ba ta taɓa fitowa daga akwatin rediyo ba. Wannan mutum shi ne Alhaji Sa'idu Faru, wanda ake yi wa laƙabi da Malamin Waƙa. Mun san wasu dattawanmu za su ce me ya haɗa shafin ikkilisiya da makaɗin sarakuna. To, a yi mana haƙuri a karanta tukuna, musamman ku shugabannin mawaƙa da 'yan Zumuntar Mata.

An haifi Sa'idu a garin Faru ta ƙasar Maradun a wajajen shekarar 1932, wato shekarar da aka fara buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. A lokacin ƙasar tana cikin lardin Sakkwato, sai a 1996 ta koma cikin sabuwar Jihar Zamfara. Mahaifinsa Abubakar makaɗin kotso ne, mahaifiyarsa kuwa mutuniyar Banga ce ta wajen Ƙauran Namoda, can ma ya yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa. Kiɗa dai gadonsa ya yi. Tun yana yaro yake bin mahaifinsa yana amshi, har ya kai ga jan ƙungiya da kansa. Wannan yanki kuwa ƙasar makaɗa ce ta ainihi: Musa Ɗanƙwairo daga Ɗankadu ta ƙasar Bakura ya fito, Ibrahim Narambaɗa kuma yana can arewa a ƙasar Isa, su ukun duka kotso suke kaɗawa.

Ga yaranmu na birni waɗanda ba su san kotso ba, ganga ce mai siririn tsakiya kamar kalangu, sai dai baki ɗaya ake rufe mata da fata, ana rataya ta a kafaɗa, ana kuma kaɗa ta da hannu, ba da makaɗi ba. Kayan kiɗan sarauta ce, ba a kai ta dandali ko wurin dambe.

Da farko sarakunan kusa da gida ya yi wa waƙa, irin su Sarkin Yamman Faru da Sarkin Yaƙin Banga da Sarkin Kiyawan Ƙauran Namoda. Sa'an nan a wajen 1953 Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya naɗa ɗansa Muhammadu Macciɗo sarautar Sarkin Kudu, ya tura shi hakimcin Talatar Mafara. Nan ne Sa'idu ya sami ubangidan da ya riƙe har mutuwarsa. Ya yi wa wasu manyan sarakuna waƙa, har da Sarkin Musulmi Abubakar kansa da Sarkin Kano Ado Bayero, amma kowa ya san makaɗin Sarkin Kudu ne, mafi yawa da mafi daɗin waƙoƙinsa kuma na Macciɗo ne.

Akwai wani hali nasa da ya ware shi daga sauran mawaƙan zamaninsa. Shekarun 1970 shekarun kuɗin man fetur ne, attajirai da 'yan kwangila suna ba mawaƙa motoci da kujerun Makka domin a ambaci sunansu. Mamman Shata ya yi wa sarki ya yi wa direba, Ɗanƙwairo ma ya yi wa attajirai waƙa. Sa'idu kuwa ya tsaya a kan sarakuna da jinin sarauta. Ba mu ce sauran sun yi laifi ba, kowa da hanyar cin abincinsa. Amma mutumin da ya ga kasuwa a buɗe ya ƙi shiga, ya zauna a ƙofar ubangidansa shekara fiye da talatin, ai ya cancanci a tsaya a dube shi.

Ba a rubuce yake shirya waƙa ba. Shi ne jagora, yana kawo ɗan waƙa, 'yan amshi su karɓe su ƙarasa, sa'an nan duka su koma kan gindin waƙar, sanƙira kuma yana gefe yana zuba kirari. Saboda haka waƙa ɗaya ba ta fitowa iri ɗaya sau biyu. Yau a ƙara ɗa saboda wani baƙo ya zo fada, gobe a cire shi. A zamanin mahaifinsa, da an tashi daga wurin kiɗa shi ke nan, abin da aka rera ya bi iska. Sa'idu ya yi sa'a ya zo daidai lokacin na'urar ɗaukar murya. An buɗe gidan rediyon Arewa a Kaduna a 1962, daga baya ga Rediyon Rima a Sakkwato, sa'an nan kaset ya cika kasuwanni. Ta waɗannan hanyoyi ne waƙar da aka shirya domin zauren hakimi ɗaya ta shiga shagon tela da motar haya da gidan fasto. Shi ya sa za ka iske waƙarsa ɗaya a kaset biyu, wannan ta fi wancan tsawo, 'ya'yan waƙar kuma sun sha bamban. Wasu kaset ɗin an kwafe su daga kwafi har sautin kotson ya dushe. Masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ta Kano sun yi aikin tattara waƙoƙin makaɗan fada da rubuta su a takarda, da ba domin irin wannan aiki ba da kalmomi da yawa sun ɓace wa masu sauraro na yanzu, gama Hausarsa Zamfarci ce tsantsa, ga kuma Larabci jefi-jefi.

To, a nan ne muke so mawaƙanmu su buɗe kunne. Hausa harshe ne mai karin sauti, kalma tana da hawa da saukarta, in an juya su ma'ana takan juya. Yawancin waƙoƙin da ke cikin Littafin Waƙoƙi fassara ce daga Turanci, an ɗora kalmomin Hausa a kan muryar da aka tsara a Ingila ko Amurka. Muna ƙaunarsu, da su aka yi wa iyayenmu baftisma, da su kuma aka binne su. Amma gaskiya ita ce sau da yawa muryar takan ja kalmar zuwa inda Bahaushe ba ya kai ta, har baƙon da ya tsaya a bakin taga ya kasa gane abin da muke faɗa. A wurin Sa'idu kalma ce gaba, murya da kiɗa suna bin ta a baya. Ko da yana sauri, wanda ya san karin harshen ba ya rasa abin da aka ce. Matanmu na Zumunta, da tulunansu da jagora da amshi, sun fi mu maza kusa da wannan hanya, ko da yake ba a cika yaba musu ba. Tsarin ma ba baƙo ba ne ga Littafi Mai Tsarki. Zabura 136 tana da aya 26, kowace aya kuma da amshi ɗaya take ƙarewa. A 1 Tarihi sura 25 an ƙidaya horarrun mawaƙa 288 waɗanda aka keɓe a zamanin Sarki Dawuda, 'ya'ya suna koyo a ƙarƙashin iyayensu, kamar yadda Sa'idu ya koya.

Sa'an nan ga ilmi. Ba a banza aka kira shi malami ba. In zai yabi Macciɗo, sai ya bi salsalarsa daga Abubakar zuwa Mu'azu zuwa Bello zuwa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya kawo garuruwa da yaƙe-yaƙe, ya kwatanta ubangidansa da giwa ko zaki ko babban gulbi, kowane kwatanci a wurinsa. Mutum ba ya yin haka sai ya zauna ya yi tambaya ya kuma haddace. Mu kuwa sau nawa mukan tsaya gaban jama'a da sabuwar waƙa wadda ba a duba ko aya ɗaya ba kafin a haɗa ta?

Amma fa ba duk abin da ke bakinsa za mu ɗauka ba. Aikin makaɗin fada rabi yabo ne rabi zambo, Sa'idu kuwa gwanin zambo da habaici ne. Yakan siffanta abokin hamayyar ubangidansa da wata dabba ko wata tawaya ta jiki ba tare da kama suna ba, amma duk fada ta san da wa ake. Mai sauraro yana dariya, wanda aka yi dominsa kuwa yana da 'ya'ya da jikoki, kaset kuma ba ya mantuwa. Wasiƙar Yaƙubu sura 3 ta gargaɗe mu a kan harshen da ke yabo yana kuma la'antarwa. Haka nan akwai yabon da yakan ɗaga ɗan Adam fiye da matsayinsa, wannan kuwa mun keɓe shi ga Allah kaɗai. Muna faɗin haka da ladabi, domin shi a cikin sana'ar gidansu ya tashi, ya kuma riƙe ta bisa ƙa'idarta.

Abin da ya fi taɓa mu cikin tarihinsa shi ne fatan da ya ratsa waƙoƙin Sarkin Kudu tun daga farko. Addu'arsa kullum ita ce Macciɗo ya gaji mahaifinsa, ya hau gadon Sarkin Musulmi. Ya faɗa a fili, ya faɗa a kaikaice, ya yi ta maimaitawa shekara da shekaru a gaban masu so da masu ƙi, alhali kuwa akwai wasu 'ya'yan gidan Shehu masu neman wannan gado. Sa'idu ya rasu a 1987, Sarkin Musulmi Abubakar yana da rai, Macciɗo kuma yana nan Sarkin Kudu. Ran 1 ga watan Nuwamba 1988 Abubakar ya rasu bayan shekara 50 a kan gado. Jama'a da yawa sun ɗauka lokaci ya yi, sai gwamnatin soja ta Janar Babangida ta tabbatar da Ibrahim Dasuƙi. Aka yi tarzoma a Sakkwato, aka rasa rayuka. Duk wanda ya sa kaset ɗin Sa'idu a waɗannan shekaru, muryar mamaci ya ji tana roƙon abin da ake gani ya riga ya wuce. Mai karanta Ibraniyawa sura 11 ya san labarin waɗanda suka mutu suna hangen abu daga nesa, ko da yake abin da su suka sa zuciya a kai ya fi gadon sarautar duniya nesa ba kusa ba.

A watan Afrilu 1996 gwamnatin Janar Abacha ta tuɓe Dasuƙi, aka naɗa Muhammadu Macciɗo Sarkin Musulmi na 19, shekara tara bayan an binne makaɗinsa. Ya yi shekara goma a kan gado, ya rasu ran 29 ga watan Oktoba 2006 a haɗarin jirgin sama jim kaɗan bayan tashinsa daga Abuja. Waƙoƙin yanzu sun bar kaset sun koma cikin wayoyin hannu, matasan da ba su taɓa ganin kotso da idonsu ba suna tura wa juna. A cikinsu har yau Sarkin Kudu ake kiran Macciɗo, Sa'idu da 'yan amshinsa kuma suna ta roƙa masa gadon mahaifinsa.