Marc Seguin, mutumin da ya bi da wuta ta cikin ruwa

Dattawanmu da sunka shiga jirgin ƙasa daga Kano zuwa Ikko zamanin da shina cin gawayi ba su manta da hayaƙinsa da kukansa ba. Cikin cikin kan jirgin nan akwai wata dabara wadda wani Bafaranshe mai suna Marc Seguin (Segan ake faɗi) shina cikin na farkon da sunka gano ta. Labarinsa za mu kawo muku.

An haife shi ran 20 ga Afrilu 1786 a Annonay, wani ƙaramin gari na kudancin Faransa. Ubansa ɗan kasuwar tufafi ne. Uwarsa kuwa ta gidan Montgolfier ce, mutanen nan da sunka fara tashin balambalan mai ɗaukar mutum sama a 1783. Yaro ya tashi gidan da ake son gwaje-gwaje, ya kama sana'ar uba tare da ƙannensa huɗu. Gada ce ta fara fid da sunansa: a 1825 ya rataya gada bisa kogin Rhône, tsakanin Tournon da Tain, da igiyoyin waya da anka haɗa dami-dami.

A 1826 shi da ƙannensa da abokan kuɗinsu sunka samu iznin shimfiɗa hanyar jirgi daga Saint-Étienne, garin haƙar gawayin ƙasa, zuwa Lyon, tafiyar da ta ɗara kilomita 55. Ƙasar duk tudu da kwari ce. Seguin ya ƙi yarda da hawa mai tsauri ko kwana mai kaifi, gara a huda dutse a wuce ta ƙarƙashi, kome tsadar aikin.

Amma hanya ba ta da amfani in babu abin ja. Ya tafi Ingila, ya ga George Stephenson, anka sayo kawunan jirgi biyu. Da sunka iso sai ga shi da ƙyar suke wuce mai tafiya ƙasa. Tururi ne ba shi isa.

To, ga inda ciwon yake, kuma kowace mace mai girki ta san shi. In kin aza tukunya bisa murhu, gindinta kaɗai wuta ke lasa, sauran zafin ya bi iska ya tafi. Tukunyar jirgin Ingila kusan haka take: bututu guda mai faɗi ne ke ratsa ruwan. Seguin ya ce a maimakon guda ɗaya a jera ƙananan bututai masu yawa cikin tukunyar, harshen wuta da hayaƙi su bi ta cikinsu, ruwa shina kewaye da kowane. Wurin da zafi ke taɓa ruwa ya riɓanya, tururi ya yi yawa, ƙarfi ya ƙaru. Ya nemi takardar mallakar dabarar a ƙarshen 1827.

Sai wata wahala ta taso: cikin matsattsun bututai wuta ba ta jan iska. Ya ɗora manyan fankoki biyu bisa keken da ke bin kan jirgin, ƙafafun keken na juya su, suna hura wuta kamar zugazugin maƙeri. Abin ya yi aiki a gwajin 1829, ko da yake ya yi nauyi, daga baya anka bar shi, anka koma sakin tururi cikin bututun hayaƙi. A shekaran nan ce Stephenson da ɗansa sunka ci gasa a Ingila da jirginsu Rocket, shi ma mai bututai da yawa. Littattafan lakkwal da munka karanta Seguin suke ba gaba, na Ingila kuwa nasu suke yabo. A ganina buƙata ɗaya ce ta kai su ga dabara ɗaya.

An buɗe hanyar yanki-yanki tsakanin 1830 da 1833, kuma shekaru da dama dawaki na taya injin jan kaya. A 1839 ya rubuta littafi bisa shimfiɗa hanyoyin jirgi, inda ya yi bayanin cewa zafi ne ke rikiɗa shi zama ƙarfin ja. Ya yi aure sau biyu, Allah ya ba shi ɗiya 19. Ya rasu a Annonay ran 24 ga Fabrairu 1875, shina da shekara 88. Da anka gina hasumiyar Eiffel a Paris a 1889, sunansa na cikin sunaye 72 da anka rubuta jikinta.