Christian Doppler: Masanin da bincikensa ke taimakon masu wankin ƙoda

Mai ciwon ƙoda da ke tasowa daga Anka ko Gummi ko Bukkuyum zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato domin wankin ƙoda, rayuwarsa ta ta'allaƙa ne a kan jijiyar da ake jona masa inji. Idan jijiyar ta toshe, wankin ya tsaya.

Na'urar hoto mai aiki da sauti, wadda likitoci ke auna gudun jini da ita a wannan jijiya, tana ɗauke ne da sunan wani masani ɗan ƙasar Ostiriya da ya rasu tun shekarar 1853.

An haifi Christian Doppler a birnin Salzburg ranar 29 ga watan Nuwamban 1803. Mahaifinsa masassaƙin duwatsu ne, amma raunin jiki ya hana yaron gadon sana'ar, don haka ya tafi Vienna ya karanci lissafi.

Ya daɗe yana neman aikin dindindin, har ya yi haramar ƙaura zuwa Amurka, kafin ya samu aikin koyarwa a birnin Prague a 1835.

A can ne, a 1842, ya gabatar da maƙalarsa kan hasken taurari, inda ya nuna cewa sauti da haske kan sauya gwargwadon yadda tushensu ke kusantowa ko yake nisa. Shi ya sa jiniyar mota ta fi kaifi idan tana tunkaro mutum, sannan ta yi kauri bayan ta wuce.

A 1845, wani masani a Holan mai suna Buys Ballot ya tabbatar da hakan, bayan da ya ɗora masu busa a kan jirgin ƙasa.

A 1850 aka naɗa Doppler shugaban cibiyar kimiyyar fiziya ta Jami'ar Vienna. Sai dai ciwon huhu ya ci ƙarfinsa, ya kuma rasu a Venice ranar 17 ga Maris na 1853, yana da shekaru 49.

Bayan ƙarni guda, Shigeo Satomura na Japan ya yi amfani da ƙa'idar wajen auna motsin zuciya da jini. A 1966 kuma, likitoci Brescia da Cimino a New York suka ɓullo da dabarar haɗa jijiyoyi biyu a hannu domin wankin ƙoda.

Sautin na'urar kan bugi ƙwayoyin jini ya dawo, kuma sauyin da ya yi shi ke nuna saurin jinin. Da haka likita kan gano inda jijiyar ta tsuke tun kafin ta toshe.

Batun na da muhimmanci a yammacin Zamfara, inda gubar dalma, wadda ke lalata ƙoda sannu a hankali, ta hallaka ɗaruruwan yara a Anka da Bukkuyum a 2010.