Julius Rosenwald: Attajirin da ya sa hukuma ta gina wa baƙaƙen fatar Amurka makarantu

A farkon ƙarni na 20, dokar jihohin kudancin Amurka ta raba makarantun farar fata da na baƙar fata, kuma kason da hukumomi ke ware wa yaran baƙaƙe bai taka kara ya karya ba. Da yawansu a majami'u ko tsofaffin rumfuna suke karatu, shi ma na 'yan watanni a shekara. Cikin waɗanda suka sauya wannan hali akwai wani ɗan kasuwa da shi kansa bai kammala sakandare ba.

An haifi Julius Rosenwald ranar 12 ga Agusta, 1862, a Springfield ta jihar Illinois. Iyayensa Yahudawa ne da suka ƙauro daga Jamus. Yana ɗan shekara 16 ya bar makaranta, ya tafi New York koyon cinikin tufafi a wajen kawunnansa. Daga baya ya koma Chicago, inda a 1895 ya sayi hannun jari a kamfanin Sears, Roebuck, mai aika wa mutanen karkara kaya ta gidan waya. A 1908 ya zama shugaban kamfanin, dukiyarsa kuma ta bunƙasa.

Haɗuwarsa da Booker T. Washington, shugaban Kwalejin Tuskegee ta Alabama, a 1911 ita ce ta karkata hankalinsa ga ilimi. Washington, wanda aka haifa a cikin bauta, ya shawo kansa aka gina ƙananan makarantu 6 a ƙauyukan Alabama a matsayin gwaji. Da gwajin ya yi kyau, sai Rosenwald ya kafa gidauniyarsa a 1917.

Ba ya ba da kuɗi sai da sharaɗi. Dole jama'ar gari su kawo nasu kason, ko kuɗi, ko fili, ko katako, ko aikin ƙarfi. Dole kuma hukumar ilimi ta yankin, wadda farar fata ke riƙe da ita, ta karɓi makarantar, ta riƙa biyan malamai. Har fasalin ginin gidauniyar ce ke tsarawa, da manyan tagogi domin hasken rana, tun da ƙauyukan ba su da lantarki.

Zuwa 1932 an gina makarantu 4,977 a jihohi 15, kan kuɗi kimanin dala miliyan 28. Abin lura shi ne, abin da gidauniyar ta bayar bai wuce kusan kashi 15 cikin 100 ba. Gudummawar talakawa baƙaƙe ta ɗan zarce nata, mafi yawan kuɗin kuwa daga baitulmali ya fito. Wato kuɗin attajirin tsani ne da aka taka aka kai ga aljihun hukuma. Cikin waɗanda suka zauna a azuzuwan akwai marubuciya Maya Angelou da ɗan majalisa John Lewis.

Sai dai tsarin bai tsira daga suka ba. Bai ƙalubalanci dokar wariya ba, cikinta ya yi aiki. Kuma baƙaƙen manoma sun biya sau biyu: harajin da kowa ke biya, da karo-karon gina abin da tun farko haƙƙinsu ne.

Rosenwald ya rasu ranar 6 ga Janairu, 1932. Bai yarda da gidauniya mai dawwama ba, don haka ya yi umarni a kashe dukiyar kakaf cikin shekara 25 bayan rasuwarsa, aka kuwa rufe ta a 1948. A 1954 Kotun Ƙolin Amurka ta haramta wariya a makarantun gwamnati, daga nan akasarin gine-ginen suka koma kango. Kaɗan da suka rage, tsofaffin ɗalibai da jikokinsu ne ke gyara su a yau.