Charles-Henri Sanson, Haunin Paris da ya sare kan sarkinsa

A fadar sarakunan Hausa na da, irin su Kano da Zazzau, in an yanke wa mutum hukuncin kisa, Hauni ne ke zare takobi. Faransa ma ta yi nata Haunin. 'Yan lise a Garwa sun san an fille kan Sarki Luwi na 16 ranar 21 ga Janairu 1793, amma ba kasafai ake faɗa musu hannun wa ya yi aikin ba. Sunansa Charles-Henri Sanson.

An haife shi a Paris a 1739. Gado ya tarar, don tun 1688 gidansu ke riƙe da wannan aiki. Shi dai likita ya so zama. An kai shi makaranta a garin Rouen, sai uban wani ɗalibi ya gane sana'ar babansa, dole yaro ya tattara ya koma gida. Haka mutane suke da masu wannan aiki: suna cika fili su kalli kisa, amma ba mai ba su 'ya, sai dai su yi ta aure a junansu.

A 1754 shanyewar jiki ta kwantar da baban. Sanson, yana ɗan shekara 15, ya karɓi igiya da takobi don kada gidan ya rasa abinci. A lokacin talaka rataye shi ake yi, mai sarauta kuwa a sare masa kai.

Da juyin juya hali ya zo, aka ce kowa mutuwa iri ɗaya zai yi. Aka kawo na'urar fille kai, wato giyotin, kuma Sanson ne ya fara aiki da ita ranar 25 ga Afrilu 1792. A shekarar ne ɗansa Gabriel ya zame daga kan dandamali yana ɗaga wa jama'a kan wani da aka kashe, ya faɗi ya mutu.

Bai cika wata tara da na'urar ba aka miƙo masa sarkin da ya daɗe yana yi wa aiki. A 1794 kuma aka kawo Danton, sannan Robespierre, waɗanda suka jefa ƙuri'ar a kashe sarkin. Ka ji duniya, rawar 'yan mata, na gaba ya koma baya. Masu ba da umurni suna ta sauyawa, hannun da ke zartarwa na nan. An ƙiyasta ya kashe kusan mutum 3,000.

A 1795 ya bar wa ɗansa Henri aikin, ya mutu a 1806. Jikansa ne ya ƙarar da gadon a 1847, bayan bashi ya sa ya jinginar da na'urar aka kore shi. Faransa ba ta soke hukuncin kisa ba sai a 1981.