Samuel Ajayi Crowther: Yaron da Kotun Jiragen Ruwa ta 'Yanta

Cikin waɗanda ya kamata mu tuna da su akwai Samuel Ajayi Crowther, baƙin mutum na fari da ya zama bishop cikin Ikkilisiyar Ingila. Shi kansa bai kai Garwa ba, amma yana cikin na farko da suka hau kogin Binuwai da bishara. Kafin wannan duka kuwa, kaya ne shi cikin jirgin ruwa, sai da alƙalai suka yanke shari'a a kan jirgin kana ya zama ɗa.

An haifi Ajayi a Oshogun, cikin ƙasar Yarabawa, wajen shekara ta 1809. A 1821 mayaƙa suka fāɗa wa garin, suka kama shi da uwarsa da ƙannensa. Aka raba su. Aka yi musayarsa da doki, aka yi ta sayar da shi daga kasuwa zuwa kasuwa har Ikko, inda Turawan Fotugal suka saye shi. Ran 7 ga Afrilu 1822 aka zuba su, su 187, cikin wani jirgi mai suna Esperanza Feliz. A ranar nan da maraice jiragen yaƙin Ingila biyu, Myrmidon da Iphigenia, suka kama jirgin.

Domin mu gane abin da ya biyo baya, sai mu san dokar teku ta zamanin nan. Idan yaƙi ya tashi tsakanin ƙasashen Turai, sarki yakan ba masu jiragen kansu takardar izini su kama jiragen fataucin abokan gāba. Amma wanda ya kama jirgi ba shi da iko ya ci ganimar nan take. Wajibi ne ya kai shi gaban kotun ganima, a duba takardun jirgin, a tambayi matuƙansa, sa'an nan alƙali ya ce ganimar halal ce, ko kuwa a mayar wa mai ita. Wanda ya kama jirgi ba da izinin nan ba, ɗan fashin teku ne.

Sa'ad da Ingila ta hana cinikin bayi a 1807 tana cikin yaƙi da Faransa, sai ta bi wannan hanya. A 1808 irin kotun nan ta fara zama a Firitawun ta Saliyo. Doka ta yanka wa masu kamu lada, fam 40 a kan kowane namiji da aka ƙwato, 30 a kan mace, 10 a kan yaro. Amma da yaƙi ya ƙare a 1815, ikon kamu ya ƙare tare da shi. A 1817 wani babban alƙalin Ingila, Sir William Scott, ya saki jirgin Faransawa mai suna Le Louis, gama ba wanda yake da iko ya binciki jirgin wata ƙasa lokacin salama sai da yardarta.

Saboda haka aka koma ga alkawari. A 1817 Fotugal ta yarda a kama jirginta bisa sharaɗi biyu: a tarar da bayi a cikinsa, ya zama kuma arewa da layin nan da ya raba duniya biyu, wato Ikwaita. A 1819 aka buɗe kotun haɗin gwiwa a Firitawun, kowace ƙasa da alƙalinta. In sun saɓa sai a jefa ƙuri'a a zaɓi mai raba gardama, ba kuwa ɗaukaka ƙara. To, Ikko tana arewa da layin, bayin kuma suna ciki. Da jiragen Ingila sun zo jiya, da sun tarar da jirgi wofi, da kuwa ba shari'a.

Yaran ba su san ceto ya zo ba. Da suka ga naman alade a rataye, da harsasan igwa a jere, sai suka zaci naman 'yan'uwansu ne da kawunansu. A watan Yuni aka sauke su a Firitawun, kotu ta ci jirgin, aka rubuta sunayensu cikin littafin 'yantattu. Kusan mutum 100,000 ne suka sami 'yanci a Saliyo ta wannan hanya, har da Hausawa da Barebari.

Ajayi ya koyi karatu da sauri. Aka yi masa baftisma ran 11 ga Disamba 1825. A 1827 ya zama ɗalibi na fari a makarantar Fourah Bay. A 1841 ya hau Kwara tare da J. F. Schön, wanda ya yi aiki mai yawa a kan Hausa. A 1843 aka naɗa shi fasto a Landan. A 1846 ya sadu da uwarsa a Abeokuta bayan rabuwar shekara 25.

A 1851 Barth ya ƙetare Binuwai inda Faro ya shiga cikinsa, yamma da Garwa. Labarinsa ya sa aka aiko da jirgin Pleiad a 1854, Dokta Baikie yana shugaba, Crowther yana ciki. Suka kai ƙasar Muri, suka komo ba wanda ya mutu, domin suna shan kwinin kullum. A 1879 jirgin mishan na Crowther, Henry Venn, ya wuce Yola ya kai wajen Garwa.

Ran 29 ga Yuni 1864 aka naɗa shi bishop a Kantabari. Cikin taron akwai Henry Leeke, kyaftin na Myrmidon wanda ya ɗauke shi yana yaro. Ya jagoranci juya Littafi Mai Tsarki zuwa Yarabanci, ya kuma yi zaman girma da arziki da sarakunan Nufe.

Ƙarshensa da baƙin ciki. A 1890 waɗansu samarin Turawan mishan suka dakatar da fastocinsa a gabansa a Onica, ya sauka daga shugabancin kwamitin. Ya rasu a Ikko ran 31 ga Disamba 1891, aka ba Bature gurbinsa.

Waɗanda aka loda kudu da layin nan an wuce da su Birazil, yawancinsu ba wanda ya san sunansu yau. Ajayi bai fi su da kome ba, shi ma ya san haka, ya kuwa ba da sauran kwanakinsa domin waɗansu. Mu da muke zaune a bakin Binuwai, bari mu gode wa Allah dominsa, mu riƙe aikin da aminci.